Rashin Iyawa ko Rashin So? Tunani a kan Dokokin Sihiri cikin Labaran Harry Potter

Wata ranar Alhamis, bayan an tashi darasin Faransanci, wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe na lise ta tsaida ni a bakin ƙofa. Tana riƙe da wani littafi wanda bangonsa ya sha jiki saboda yawan aro, wato na bakwai cikin jerin labaran Harry Potter. Ta ce: « Malam, in har waɗannan mutane suna iya riɓanya abinci da sandarsu, don me suka bar sauran duniya da yunwa? » Na yi dariya, na ce mata ai tatsuniya ce. Ta ce: « Na sani, Malam, amma ko tatsuniya tana da gaskiyarta. » Har na isa gida ina juya maganar, domin na gane cewa amsar da na ba ta amsar gudu ce. Wannan rubutu shi ne bashin da take bi na.

Ga wanda bai san su ba, littattafai ne bakwai da marubuciyar Birtaniya J. K. Rowling ta fitar tsakanin 1997 da 2007. Jean-François Ménard ya juya su zuwa Faransanci tun daga 1998, kuma ta wannan fassara ce suka iso hannun ƴaƴanmu. Labarin wani maraya ne da aka kai makarantar koyon sihiri, wadda fassarar ta kira Poudlard, a cikin wata al'umma ta masu sihiri da ke zaune a ɓoye a tsakiyar mutanen Ingila. An sayar da fiye da kofi miliyan 500. Tun littattafan ba su gama fita ba, masoyansu suka shiga wata gardama da har yau ba ta mutu ba: yaya ainihi wannan sihiri yake aiki, kuma ina iyakarsa? Wani zai ce aikin marasa aikin yi ne a tsaya auna abin da babu shi. Ni kuwa na zo ga ra'ayin cewa a ƙarƙashin wannan gardama akwai tsohuwar tambayar halin kirki: yaushe mutum yake da uzuri, yaushe kuma yake da laifi?

Dokar Gamp da gurabe huɗu

A cikin littafi na bakwai, Harry da abokansa biyu, Ron da Hermione, suna gudun hijira cikin daji, suna kwana a tanti, yunwa tana cin su. Ron ya yi ƙorafi cewa uwarsa tana iya samar da abinci daga iska. Hermione ta ƙaryata shi, ta ce akwai wata doka mai suna dokar Gamp, wadda ta keɓe abubuwa biyar da sihiri ba ya iya ƙagowa daga babu, kuma abinci ne na farkonsu. Labarin ya ambaci abinci kaɗai, ya bar sauran huɗun a rufe.

Gurabe huɗun nan su ne filin da masoya suka yi ta noma. Sun bi littattafan shafi-shafi, kamar yadda almajiri ke bin matani yana neman dalili. Wasu suka ce kuɗi na ciki, tun da iyalin Ron matalauta ne alhali dukansu masu sihiri ne, kuma zinariyar da aka watsa wa ƴan kallo a wajen babban wasa, a littafi na huɗu, ta ɓace bayan ƴan awoyi. Wasu suka ce soyayya, domin a littafi na shida malamin haɗa magunguna ya bayyana cewa maganin mallaka ba ya haifar da ƙauna, sai dai maita da ruɗu. Wasu suka ce rai, domin dutsen da ake cewa yana maido da matattu inuwarsu kawai yake kawowa. Wasu kuma suka ce ilimi, in ba haka ba me zai sa yaro ya yi shekara bakwai yana haddar darasi yana jin tsoron jarrabawa?

Ba su tsaya nan ba, sun kuma kama marubuciyar da abin da ya yi kama da tufka da warwara. Akwai ƙaulin da ke fitar da ruwa daga bakin sanda. Akwai wurin da uwar Ron ta zuba miya daga sandarta cikin tukunya. Akwai farantin da wata malama ta bar wa yara biyu, wanda ke sake cika duk lokacin da suka cinye. Masu kare dokar suka ce duk waɗannan jawo su aka yi daga wani ɗakin girki, ba ƙago su aka yi ba. Masu suka suka ce rufa-rufa ce kawai.

Wannan naci ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa yi wa yara tatsuniya da dare ya san cewa za su yarda Gizo ya yi magana, su yarda ƙwarya ta cika kanta da tuwo, amma ba za su yarda ka manta sharaɗin da aka gindaya wa mai ƙwaryar ba. Ko a zancen duniya, Bahaushe bai san asirin da ba shi da makari ba. Marubucin Ingila J. R. R. Tolkien ya faɗi makamancin haka cikin wata lacca da ya yi a 1939: duniyar da aka ƙaga tana tsayuwa ne muddin tana bin dokokin kanta, ranar da ta saɓa musu kuwa mai karatu ya farka. Sai dai abin lura shi ne irin abubuwan da masoya suka zaɓa su cike guraben da su: dukiya, ƙauna, rai, sani. Ba wanda ya dage a kan takalmi ko kujera. Sun zaɓi abubuwan da zuciyar ɗan Adam ba ta son a ce ana samunsu ba da haƙƙi ba. Suna cewa suna binciken dokar sihiri, alhali jerin abubuwan da suke girmamawa suke rubutawa.

Wa ya dafa tuwon?

Kafin mu koma ga tambayar ɗalibata, akwai wani darasi da dokar abincin ta ƙunsa. A littafi na farko, yaran suna zama a babban zauren makaranta, sai faranta su cika da kansu. Mai karatu yana jin daɗi, ba ya tambaya. Sai a littafi na huɗu aka gane cewa a ƙarƙashin zauren akwai ɗakin girki, da tebura jere daidai da na sama, inda wasu ƙananan halittu fiye da ɗari, bayin gida, suke dafa abincin ba albashi ba hutu, sa'an nan su tura shi sama. Hermione ta kafa ƙungiyar neman ƴancinsu, abokanta suka yi mata dariya.

Ashe abin da muka ɗauka al'ajabi ne, gumin wani ne da aka ɓoye. Duk namijin da ya tashi da safe ya tarar da fura a dame, bai ji ƙarar turmi tun asuba ba, ya taɓa zama a wannan zaure. Mai karatun da ya nace sai ya san daga ina abinci ya fito, shi ne zai gano ɗakin girki. Wanda ya ce « ai sihiri ne » ya ci ya tashi.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Da dokar ta ce sihiri ba shi da iko a kan abinci sam, da magana ta ƙare. Masana falsafa, irin su Bajamushe Immanuel Kant, sun tsaya a kan cewa wajibi yana bin iko, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ba a ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Wanda bai iya iyo ba, ba a tuhumarsa don bai faɗa kogi ya ceci wani ba. Amma Hermione ta ƙara bayani: ana iya jawo abinci in an san inda yake, ana iya sake masa kama, kuma ana iya ƙara yawansa in akwai kaɗan a hannu. A littafi na shida ma mun ga Harry yana sake cika kwalabe da suka kusa ƙarewa. Ke nan mai sihirin da ke da tiya ɗaya ta hatsi yana da rumbu.

A nan tambayar yarinyar ta samu gindin zama. Ba ƙarfin sanda ne ya gaza ba. Masu sandar ne suka yanke shawara. Labarin ya ce tun 1692 suka kafa dokar ɓoye kansu daga sauran mutane. Da Harry ya tambayi dalili a littafi na farko, amsar da ya samu ita ce in mutane suka sani, kowa zai zo neman a warware masa matsalarsa, gara a bar su su huta.

Ba mamaki ɗiyar wannan yanki ce ta ga abin da masu karatu da yawa suka tsallake. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, bayan fari da farar da suka ci amfanin gona a 2004, suna tune da cewa kasuwa ba ta rasa hatsi ba. Kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. Masanin tattalin arziki na Indiya, Amartya Sen, ya nuna haka tun 1981 cikin nazarinsa a kan yunwar Bengal ta 1943 da wasunta: jama'a na iya mutuwa da yunwa alhali cimaka na nan, in hanyar kai hannu gare ta ta toshe. Wanda ya san wannan a jikinsa, in aka ce masa « ba ya yiwuwa », sai ya duba ko « ba mu so » ake nufi.

Hujjar masu sihiri

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, kuma masoya da yawa sun tsaya masa. Hujja ta farko tsoro ce: an taɓa farautar masu sihiri ana ƙone su. Littafi na uku ya raunana ta, domin ya nuna manyansu suna da ƙaulin da ke hana wuta cin su. Amma na bakwai ya ƙarfafa ta da labarin ƙanwar shugaban makarantar, wadda wasu yara suka far wa tana ƴar shekara shida don sun ga tana sihiri, ba ta sake zama daidai ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Mutumin da ya fi kowa son a fito fili a cikin labarin, wato Grindelwald, so yake masu sihiri su mulki sauran mutane, wai don amfanin kowa. Shugaban makarantar kansa ya ruɗu da wannan ra'ayi yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa yana nadama yana gudun mulki. Darasin a fili yake: hannun da ke ciyar da kai yana iya zama hannun da ke riƙe da linzaminka. Mu da aka taɓa yi wa mulkin mallaka da sunan wayar da kai ba mu bukatar a fassara mana wannan.

Duk da haka ban gamsu ba. Labarin ya aje hanya biyu kaɗai, ko ka mallake su ko ka rabu da su, kamar babu ta uku. Alhali kowane ƙauye ya san ta ukun: maƙwabcin da ke aiko da ƙwaryar hatsi bayan isha'i ta hannun yaro, don kada a gan shi, kuma ba ya zuwa gobe ya ce a zaɓe shi mai gari. Mutanen da ke iya ɓoye makaranta sukutum daga idon duniya ba za su kasa ɓoye alheri ba. Tsoron zama azzalumi dalili ne na yin hattara wajen bayarwa. Bai isa dalilin kulle rumbu ba. Hukuncina ke nan: dokar Gamp ta wanke masu sihiri daga laifin rashin ƙago abinci, ba ta wanke su daga laifin rashin raba shi ba.

Abin da ya rage ga malami

Na san akwai iyaye da abokan aiki da ke ƙyamar waɗannan littattafai saboda kalmar sihiri, kuma ban raina damuwarsu ba. Sai dai mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, da aljannunsu da abubuwan al'ajabinsu, ba wanda ya fita daga aji ya zama boka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗalibin da aka saba masa da karɓar « haka abin yake » a matsayin amsa. Yaron da ya koyi tattara dalilai daga littattafai bakwai, ya gwada wannan shafi da wancan, ya bambanta abin da aka faɗa da abin da aka yi shiru a kansa, ya koyi aikin da muke wahalar koya masa a darasin sharhin matani. Gobe zai yi wa jawabin ɗan siyasa da rahoton ƙungiyar agaji irin wannan karatu.

Ranar Litinin na nemi ɗalibar, na ce mata amsata ta farko ba ta yi ba. Na rubuta tambayarta a allo, na raba ajin gida biyu, masu tuhuma da masu kariya, da sharaɗin kowa ya kawo hujjarsa daga cikin labarin. Aka buga ƙararrawa ba su ji ba. Da suna fita, wani yaro daga ɓangaren kariya, wanda ya fi kowa zafi, ya dawo ya ce mini: « Malam, mun yi ta cewa ba su iya ba. To mu fa, abin da muke cewa ba mu iya ba, wa zai bincika? » Na ce masa ya rubuto mini shafi biyu a kai, da Hausa, kafin Alhamis.