Sa Ido Ba Sakaci Ba Ne



A ce wani dattijo daga Kafur ya gama girbi, ya bi ta Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Bayan gwaje-gwaje, likita ya ce masa yana da ciwon daji a furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji. Amma ya ƙara da cewa irin nasa mai tafiyar hawainiya ne: awon jini na PSA bai kai 10 ba, makin Gleason 6 ne, ciwon kuwa bai fita daga ƙululun ba. Sa'an nan ya shimfiɗa masa hanyoyi uku: tiyata, ko gashi da na'ura, ko kuwa sa ido, wato a bar ciwon inda yake, a riƙa aunawa a kai a kai, kada a taɓa shi sai ya motsa.

A nan lamirinmu yake yin tambaya. Rai amana ce daga wurin Allah. In mutum ya san da ciwo a jikinsa ya bar shi, bai ci amana ba ke nan?

Bari mu fara da abin da aka sani. A Birtaniya an rarraba maza 1,643 a kan hanyoyin nan uku, cikin binciken da ake kira ProtecT. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15, wajen 97 cikin ɗari ciwon bai kashe su ba, ko da wace hanya suka bi. Duk da haka kowace hanya da nauyinta. Tiyata takan bar waɗansu da yoyon fitsari da raunin kwanciyar aure. Gashi yakan taɓa hanji da ƙarfin namiji. Cikin waɗanda aka sa wa ido kuwa, ciwon ya bazu a jikin wajen 9 cikin ɗari, alhali a sauran wajen 5 ne, fiye da rabinsu kuma daga baya sai da aka yi musu tiyata ko gashi.

Ikkilisiya ta daɗe da yin tunani a kan irin wannan awo. A 1957 Fafaroma Pius na 12 ya koyar cewa wajibinmu shi ne neman maganin da ya dace da halin mutum da wurinsa da zamaninsa, ba wanda zai ɗora masa ko iyalinsa kaya mai tsananin nauyi ba. Saboda haka mutumin da ya auna amfani da wahala, ya zaɓi sa ido bisa shawarar likita, bai yi zunubi ba. Wanda kuma fargaba za ta hana shi barci, ya zaɓi tiyata, ba za mu ce masa mai ƙarancin bangaskiya ba.

Sai dai akwai sharaɗi, a nan ne kuwa nauyin yake. Manomi ya san bambancin wanda ya zuba masara a rumbu yana leƙawa saboda ƙwari, da wanda ya rufe ya manta. Sa ido yana nufin awon jini kamar kowane wata shida, da sake gwajin tsoka in likita ya nema, shekara da shekaru, har a tsakiyar damina sa'ad da kuɗin mota yake gasa da kuɗin taki. Wanda ya ce ya zaɓi sa ido, ya dawo gida ya ajiye katin asibiti ya koma ga jiƙe-jiƙe, sakaci ya zaɓa. Mu tuna kuma cewa ciwon nan ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, shi ne kuma kan gaba cikin ciwon dajin maza a Nijeriya, inda yawanci ake zuwa asibiti bayan ya yi nisa. Ga irin waɗannan maganar jira ba ta taso ba.

Don haka, kafin yanke shawara, dattijon nan ya tambayi kansa tsakani da Allah: zan iya riƙe alkawarin komawa? Ya kuma zauna da uwargida. Kunya takan hana mu, amma abin da ya shafi kwanciyar aure da sayar da gona ko shanun huɗa, nasu ne su biyu. 'Ya'yan da ke birni su kawo taimako, kada su kawo tilas.

Mu ma muna da rabonmu. In ɗan'uwa ya zaɓi sa ido, zumuntar maza ta san ranar komawarsa, ta tuna masa, ta haɗa kuɗin mota in ya gaza. Ta haka jiransa zai zama hikima, addu'armu kuma ta sami hannu da ƙafa.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.