Wa A Ke Zaɓar Wa Unguwa?

Kakanninmu a ƙasar Ungogo ba su san zaɓen unguwa ba. Inda aka haifi mutum nan ya ke gina ɗakinsa, kusa da na ubansa, gonarsa kuwa tana bayan danga. Abin da ya haɗa su da birni jaki ne: da rani su kai itace cikin Kano, su komo da taki a mangala, su zuba a gona. Yau kuwa birni ya fito daga ganuwa, ya bi hanyar Katsina da ta Gwarzo yana cin gonaki, har Bachirawa da Rijiyar Zaki, waɗanda ke ƙasar Ungogo, sun zama unguwannin Kano. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da dubu 360 a wannan ƙaramar hukuma kaɗai. Saboda haka tambayar da ba ta taɓa damun kakanninmu ba ta zo ta same mu har gida.

A ce ga wani magidanci daga wajen Fanisau, ya sami aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, ko kuwa ya sami tebur a Kantin Kwari. Ya gaji da jeka ka dawo, ya yi niyyar ɗauko iyalinsa. To, ina zai sauke su?

Galibi abu biyu ya kan duba, watau kuɗin haya da kusanci da wurin nemansa. Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Sharaɗa tana kudu da birni, Ungogo kuwa tana arewa, wanda zai ratsa Kano safe da yamma lalle kuɗin mota zai ci rabo mai tsoka a cikin abin da ya samu. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, mai ƙaramin ƙarfi ya dogara ne ga bas da A Daidaita Sahu. Abin da ya tafi a hanya kuwa daga tukunyar gida aka cire shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi.

Amma, ya kai mai karatu, tsaya ka lissafa. Maigidan nan zai fita bayan asuba, ba zai komo ba sai magariba. Kwana kaɗai ya ke yi a unguwar. Matarsa da 'ya'yansa su ne za su yini a cikinta, su sha ruwanta, su shaƙi warin kwatarta, su zauna da mutanenta. Ashe ke nan wanda ya fi kowa ƙarancin zama a wurin shi ne ya zaɓa, kuma da ma'aunin kansa ya auna. Ni a ganina a nan ne rashin adalci ya ke shigowa, ba tare da mutum ya yi nufin zalunci ba.

Ɗauki maganar ruwa. Manyan matatun ruwan Kano na Challawa da Tamburawa suna kudu da gari, unguwanni da yawa na bayan gari kuwa famfo bai isa gare su ba, sai rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Maigida ba ya ganin wannan wahala, domin shi buta guda ta ishe shi alwala. Wadda ke wanki da girki da wankan yara ita ta san jarka nawa gida ke sha a yini. Ɗaki mai araha a inda ruwa ke da tsada, araharsa ta baki ce kurum.

Sa'an nan ga filayen da a ke kira awon igiya, watau gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar ba tare da tsarin hukuma ba. Sun taimaki talaka ƙwarai, gaskiya ce, gama da babu su da mutane da yawa ba su mallaki muhalli ba. Amma sau da yawa ba a barin hanyar ruwa, ba a barin filin makaranta ko na asibiti, lungu kuwa ya matse har mota ba ta shiga. Ran da naƙuda ta kama mace da tsakar dare, a ran nan a ke sanin faɗin lungu. Wanda ya je duba irin wannan wuri da rani bai ga kome ba, sai ya koma cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama.

Mutanen dā da suka zo Kano baƙunta sun fi mu lura da wani abu, shi ne maƙwabci. Dubi sunayen unguwannin cikin birni: Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi inda Yarabawa suka sauka. Kowane baƙo ya nemi inda zai sami wanda ya san harshensa, wanda zai tsaya masa ran suna da ran mutuwa. Macen da aka ɗauko daga gidan gandu, inda ta saba da facaloli da surukai da 'yan'uwa, aka ajiye ta a ɗaki guda cikin baƙin ido, an raba ta da wata dukiya wadda ba a rubuta ta a takardar haya. Yaro kuma, wanda a ƙauye kowane babba ke tsawata masa, a sabon wuri tarbiyyarsa tana hannun waɗanda ya tarar a ƙofar gida. Ban ce sai an zauna cikin dangi ba, gama wani maƙwabcin ya fi ɗan'uwa. Na dai ce a san ko su wane ne kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma mai zaɓen unguwa don suna, don a ce ai wane a wuri kaza ya ke. Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba, mai gidan haya zai koya masa karatu a ƙarshen shekara.

Wani zai ce, "To, ai ni ne mai ciyarwa, mace kuwa ba ta san gari ba, me zan tambaye ta?" Gaskiya ne ba ta san hanyar Sharaɗa ba. Amma ta san abin da kai ba ka sani ba: nisan da ɗan shekara shida zai iya takawa zuwa makaranta, da yawan ruwan da a ke bukata, da irin matan da za ta iya bar wa jariri in ta shiga wanka. Shugabancin gida amana ce, mai riƙon amana kuwa ba ya auna ta da jin daɗin kansa. Wata rana shawarar za ta kai ga maigida ya ɗauki nisan hanya a kansa, ya bar iyali a Bachirawa ko wani wuri na arewacin gari, kusa da tsohuwarsa da gonarsa, shi ya riƙa sammako. Wata rana kuma kuɗin mota zai rinjaya, a koma kusa da aiki. Ko wanne aka yi, ya kamata a ce an zauna da uwargida an lissafa tare, an je an gai da mai unguwa, an ga wurin da hantsi lokacin da maza ba su nan, an kuma sake ganinsa bayan lisha.