Wa Ke da Haƙƙin Buɗe Miki? Tsokaci a Kan Fim Ɗin The Milkmaid

A bayan takardar Naira goma akwai hoton wasu 'yan matan Fulani guda biyu ɗauke da ƙoren nono, hoton da kowa ya sha riƙewa a hannu ba tare da ya tsaya ya dube shi ba. Daga wannan hoto ne Desmond Ovbiagele, ɗan marubuciyar nan Helen Ovbiagele mai littafin Evbu My Love, ya ƙago labarin fim ɗinsa The Milkmaid, wato Mai Tallar Nono, wanda ya fito a 2020. An ɗauke shi a Jihar Taraba, akasarin maganar cikinsa kuma da Hausa ce. Labarin Aisha ne da 'yar'uwarta Zainab, waɗanda 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu. Aisha ta bi sawun 'yar'uwarta, sai ta tarar ba Zainab ɗin da ta sani ba ce, domin ta riga ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta, har ta zama mai faɗa a ji a cikinsu.

Yabo kam fim ɗin ya sha. Ya lashe kyaututtuka 5 a gasar AMAA ta 2020, ciki har da ta gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta karɓi ta mataimakiyar jaruma. Anthonieta Kalunta, wadda ta fito a matsayin Aisha, wannan ne fim ɗinta na farko, amma masu sharhi suka yi ta jinjina mata. Nijeriya ta aike da shi gasar Oscar ta 2021, ko da yake bai kai ga shiga jerin 'yan takara ba. A gida kuwa, sai da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta sa aka yanke kimanin minti 24 kafin ta amince da shi, bisa fargabar cewa zai taɓa addini.

To, a nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata. Masu yabo sun fi maganar kyan hoto, da tsaunukan Mambila, da ƙwarewar mai riƙe da kyamara. Masu almakashi kuma hankalinsu na kan sutura da lafazi. Tsakanin waɗannan biyu, tambayar da fim ɗin ya ɗauko ta faɗi ƙasa ba wanda ya tsince ta: idan Zainab ta dawo gida, wa zai buɗe mata ƙofa?

Ba na cikin masu cewa hukumar ta yi wauta. Mu mutanen Kano mun san abin da ya faru ranar 20 ga Janairun 2012, mun kuma san na Masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014. Wanda ya rasa uba a sahun salla yana da hujjar jin zafi in ya ga an sa wa mai kisa rawani a majigi, musamman in mai labarin ba ɗan gida ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai fa masu kisan da rawanin suka zo, da sunan addinin suka yaudari yara, kuma Musulmi ne suka fi kowa kwana a ciki. Cire wannan daga labarin ba kare addini ba ne a ganina, ɓoye hanyar da ɓarawo ya bi ya shigo gida ne. Mikin da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ai ba warkewa yake yi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Zainab kanta. Tausayin Aisha ba wuya, domin an zalunce ta, ba ta zalunci kowa ba. Zainab kuwa an zalunce ta, ita ma ta zalunta. Irinta ba ƙage ba ne. A Disambar 2014, bayan harin Kantin Kwari, 'yan sanda sun gabatar da wata yarinya 'yar shekara 13 wadda aka ɗaura wa bam ta ƙi tayarwa, ta kuma ce mahaifinta ne ya miƙa ta. Abokan tafiyarta sun tayar da nasu. Shin tazarar da ke tsakaninta da su ta kai a kira ɗaya abar tausayi, sauran kuma shaiɗanu? Wani rahoto da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake kiran matan da suka kuɓuto da sunan "annoba", ake kuma ƙyamar jariran da suka dawo da su. Ke nan al'ummar da ke kukan a dawo mata da 'ya'yanta 276 na Chibok, a cikinta ne ake samun masu kawar da kai in an dawo da wasu. Ba ina cewa a yafe jini haka kawai ba. Hakkin wanda aka kashe yana nan, shari'a ma tana da nata. Amma warkewar da aka keɓe wa masu tsabtar hannu kaɗai, rabin warkewa ce.

Akwai kuma wani laifi da ya dawo kanmu marubuta. Muna iya cewa baƙo ya zo ya ɗauki labarinmu ya kai wa alƙalan waje, kuma gaskiya ne cewa matan da ke sansanonin gudun hijira na Maiduguri ba su aka fara nuna wa ba. To amma tun daga Turmin Danya na 1990 Kano take buga ƙirji da harkar fim, ga littattafan da ake ta fitarwa daga Kasuwar Sabon Gari zuwa wayoyin hannu. Mu da muke zama a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a Nassarawa muna karanta wa juna labarai, nawa ne daga cikinmu suka taɓa zaunar da mace irin Zainab a tsakar gidan uwarta, washegarin dawowarta, ga maƙwabta sun cika zaure, kowa na jiran ya ga wa zai fara miƙa mata ruwa?