Ilimi a Ka Yake ko a Hannu?

Ƴan'uwa manoma na Gangara, ga tambaya. Yaron da ya haddace sunan kowane ƙarfe na injin ban ruwa, da yaron da ya kwance injin ya mayar, wane ne ya san inji?

Tambayar ta shafe mu, domin duniya ta cika da kwamfuta, har da mutum-mutumi, wato inji mai motsi yana bin umarnin da aka rubuta masa. A ƙasashe da dama ƴan kwaleji suna haɗa shi da hannunsu. Wasu iyaye suna cewa wasa ne, lakkol ba wurin wasa ba ce.

To, ku dubi ɗan maƙeri. Ba a zaunar da shi a karanta masa yadda ake ƙera hauya. Zuga ake ba shi, ya ƙone yatsa, ya ɓata ƙarfe, sannan ya iya. Ƴaƴanmu ma suna yin mota da karan gero da gwangwani. Babu wanda ya koya musu a allo.

Wani malami mai suna Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, ya lura da haka. A 1967 a Amurka, shi da abokan aikinsa suka ƙago harshen kwamfuta na yara, Logo. Daga baya suka yi wani ɗan inji, suka kira shi kunkuru. Yaro ya ce masa: yi gaba, juya dama, sau huɗu. Kunkuru ya zana ɗaki mai kusurwa huɗu. In zanen ya karkace, yaro ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Inji ba ya jin kunya, ba ya tsoron mushe, abin da aka faɗa masa shi yake yi. Dole yaro ya koma ya nemi inda ya yi kuskure. A ganina wannan tarbiyya ce, domin babba ma da wuya yake cewa ni ne na kuskure.

Amma hannu kaɗai bai isa ba. Wanda bai iya lissafi da karatu ba, kwaikwayo zai yi, ranar da inji ya zo da sabuwar cuta sai ya tsaya.

Kada kuma a ce abin na Turawa ne. Abdu Maman Kane ɗan Nijar ne. Shi ya ƙago hanyar da manomi zai kunna ban ruwan garkarsa da salula daga nesa, ya sami babbar kyautar ruwa ta Hasan na Biyu a 2015. Nan Damargu, daga Tanut har Balbeji, rana ba ta yi mana rowa ba, faifan sola yana iya kunna kwamfuta.

Sai dai akwai abin da ya rage gare mu iyaye. In kwamfuta ɗaya ce a aji, maza za su rufe ta, ƴan mata su tsaya baya suna leƙe. Ranar taron iyayen yara, ku tambayi mushe ko ƴarku ta taɓa ta.