Ƙafar Yumɓu a Kan Dutse

Da asubar nan zuciyata ta tafi tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wurin wata al'umma da ta rayu fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Minowa ake ce musu, sunan da mai binciken kayan tarihi Arthur Evans ya yaɗa bayan ya fara haƙa a Kunosos a 1900. Rubutunsu har yau ya gagari masana, saboda haka abin da hannunsu ya ƙera shi ke ba da labarinsu.

A kan zoben zinariya, a fili kamar farcen babban yatsa, maƙerinsu ya zana saurayi yana wulƙitawa a iska bisa gadon bayan bijimi mai gudu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho na mahauta ya san cewa tsakanin tafi da makoki taku ɗaya ne. A Hagiya Tiriyada da ke tsibirin kuma an tono wani mazubi na dutse, jikinsa cike da 'yan dambe, wani ya kai naushi, wani yana ƙasa. Gindinsa da huda, domin na tsiyaye hadaya ne. Masana da yawa na ganin a lokacin bukukuwan ibada ake waɗannan wasanni. Wato saurayin nan ƙarfinsa ya kawo gaban abin da yake bauta wa, tun jininsa na tafasa, bai jira tsufa ya rage masa saura ba.

Amma ba zinariyar ce ta hana ni sukuni ba. A 1903 John Myres ya haƙa ƙwanƙolin dutsen Fetsofas a gabashin tsibirin, ya tarar da toka, cikinta kuwa ƙananan siffofi na yumɓu: maza sun ɗora hannu a ƙirji, mata, shanu da tumaki. Sai kuma gaɓoɓi zalla. Hannu shi kaɗai. Ƙafa ita kaɗai. Ana kyautata zaton masu ciwo ne suka kawo su, ko neman waraka ko godiyar samunta.

Na daɗe ina tunanin mai ƙafar nan. Ba shi da zinariya, ba ya iya tsallake bijimi. Ya ɗebi laka, ya murza siffar inda ke masa ciwo, ya hau dutse da ita, watakila yana ɗingishi, watakila ɗansa ya aika. Bai ƙawata komai ba. Ya san inda ke masa zafi, ya kuma nuna.

Su alloli da yawa suka kira, suna lalube. Ni kuwa, ɗan'uwana, na san sunan Wanda ya halicce ni, ba dutsen da zan hau kafin ya ji ni, amma sau nawa nake zuwa gabansa da kalmomi masu santsi, in bar ciwon a waje kamar takalmi?

Ya Ubangiji, ga ƙarfin da na tashi da shi yau, kafin kasuwa da hidima su cinye shi. Ga kuma ƙafar tawa: fushin nan da na kwana da shi, da bashin da ke hana ni barci, da ɗan'uwan da muka yi wata uku ba mu gaisa ba. Na ajiye su a gabanka yadda suke. Amin.