Jagoran Tsauni Ma Ɗan Ban-Ruwa Ne

Tun kafin assalatu ake buɗe ƙofar masaukin Hörnli, wanda ke maƙale a jikin dutsen Matterhorn, can kan iyakar Suwizalan da Italiya. Masaukin kansa yana bisa tsayin mita 3,260 daga doron teku, ƙololuwar dutsen kuwa mita 4,478. Bibbiyu mahaya ke fitowa, kowa da tocila ɗaure a goshi, igiya ɗaya ta haɗa ƙugunsu. Ɗayansu baƙo ne, ya biyo jirgi daga Ingila ko Amurka ko Japan, ya zuba kuɗi masu kauri. Ɗayan ɗan ƙasa ne, jagora, wanda ya san dutsen da ke rawa da wanda za a iya dafawa.

Ba son wahala ke sa su wannan sammako ba. Sanyin dare ne ke riƙe duwatsu cikin ƙanƙara, rana na taɓa su sai ƙanƙarar ta saki, su fara gangarowa kan duk wanda ya makara, ga hadari da kan taso bayan azahar. Iskar can sama kuma ba ta ƙosar da huhu, taku goma mutum ya tsaya yana haki. A mita 4,003 akwai wata 'yar bukka ta neman tsira mai suna Solvay. In aka iso nan jagora ya duba agogo ya ga baƙonsa ya ci lokaci, sai ya ce a juya. Babu roƙo, babu ciniki, ko da baƙon minista ne a ƙasarsu.

To, ya ku manoman Kura da Bunkure da Garun Malam, ku masu dashen shinkafa da tsinkar tumatir, da mata masu turara, da matasa masu lodin kwanduna a Kwanar Gafan, wannan labari naku ne, kuma ba a mazaunin baƙon zan ajiye ku ba. Danginku shi ne jagoran. Ba kirari nake muku ba, tarihi ne.

Jihar Valais, inda garin Zermatt da ke gindin Matterhorn yake, tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Suwizalan, domin tsaunuka sun tare mata hadari ta kowane gefe. Ruwa na can sama a daskare, gonaki na ƙasa suna ƙishi. Tun wajen ƙarni na 13 manoman wurin suka shiga jan ruwan da ke narkewa daga ƙanƙara zuwa fadamunsu da gonakinsu. Inda ƙasa ta ba da dama suka haƙa magudana. Inda dutse ya miƙe tsaye suka fafe gungumen itace, suka rataye shi a jikin dutsen, ana zura mutum da igiya yana kafa turaku, rami mai zurfin gaske na ƙarƙashinsa. A wasu magudanan sun kafa ɗan keken ruwa mai ɗaga guduma tana dukan katako. Muddin ana jin bugun daga nesa, ruwa na tafiya. Ya yi shiru, mai gadi ya san wani wuri ya ɓalle, sai ya tashi ko da tsakar dare ne. Kowane gida da sa'o'insa na ruwa, kuma kafin a saki ruwan shekara dole kowane gida ya ba da mutum a fita gyara. A ƙauyen Törbel, a bakin kwarin da ake bi zuwa Zermatt, manoma sun rubuta yarjejeniyar ƙungiyarsu tun 1483. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta sa wannan ƙauye cikin misalan da ta kafa hujja da su cewa talakawa na iya riƙe dukiyar haɗaka da kansu ba tare da ta lalace ba, kuma a kan wannan aiki aka ba ta lambar Nobel a 2009.

Daga irin waɗannan gidaje na manoma da makiyaya da maharba jagororin farko suka fito. Lokacin da attajiran Ingila suka zo neman suna a ƙarni na 19, sun tarar da mutanen da suka riga suka saba da igiya da tsayi da sanyi wajen neman abinci. Littattafai suka cika da sunayen baƙi, amma wanda ya sassare matakala a jikin ƙanƙara da ɗan gatarinsa, ya ɗauki kaya, ya riƙe igiya, ɗan ƙauye ne.

Yanzu ku dubi naku. Ruwan da ke ratsa gonakinku shi ma daga tudu ya fito, daga tsaunukan kudu ta wajen Filato, Kogin Kano ya kwaso shi, dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, aikin zamanin Audu Bako, ya tare shi. Daga nan yake bin babban kanal da ƙafarsa, ba injin da ke tura shi, ya rarrabu cikin ƙanana har ya iso bakin gonar mutum. Injiniyoyi sun gama nasu sun tafi. Shekara hamsin ke nan, wa ya mai da wannan ruwa abinci?

Duk mai shakka ya je bakin kanal cikin hunturu, ranar da layin ruwa ya faɗo wa mutum da dare. Ga shi nan ya naɗe wando zuwa gwiwa, hazo ya rufe fili, sanyi na yankan ƙafa. Ya tsoma bututu cikin ruwa har ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya tsallakar da shi kan gaɓa ya saki, ruwa ya kama gudu shi kaɗai. Ya bi kunya da fartanya da tocila, ya buɗe nan ya toshe can, yana sauraron ƙasa tana sha. Ya san fangalin da ke saurin ƙoshi da wanda ke da tudu a tsakiya. Ya san alkama in ta wuce lokacin shukarta na Nuwamba zafin Maris zai cim mata kafin ta cika ido. Da launin ganye kaɗai yake gane tumatir na neman taki ne ko ruwa ya yi masa yawa. Ba a ba da takardar shaida a kan wannan sani, amma duk malamin da ya zo daga jami'a da motarsa da na'urarsa, in yana so ya koma da abin kirki, sai ya bi bayan wannan mutum. Uwar gida a Legas da ta sayi tumatirin da aka sauke a kasuwar Mile 12 ba ta san sunansa ba. Ba komai. Miyarta dai daga hannunsa ta fito.

Sai dai akwai ɓangaren labarin Matterhorn mai ɗaci, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Ranar 14 ga Yuli, 1865, mutum bakwai suka fara taka ƙololuwar: Turawan Birtaniya huɗu, cikinsu har da Edward Whymper, da jagorori uku, wato Michel Croz da Peter Taugwalder da ɗansa. An hau lafiya, an yi murna. A hanyar sauka wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Hadow, wanda bai goge da dutse ba, ya zame ya ture Croz, nauyinsu ya fizgi wasu biyu. Igiyar da ta haɗa su da sauran ukun ta tsinke, mutum huɗu suka tafi. Da aka duba, ashe mafi raunin igiyoyin da suka zo da su ce aka ɗaura a wurin. Tana nan har yau a gidan tarihi na Zermatt. Tsoho Taugwalder kuwa, duk da bincike bai same shi da laifi ba, tsegumin cewa shi ya yanke igiyar ya bi shi har ƙarshen ransa. Da ma in abu ya ɓaci, a wuyan talaka ake rataya shi.

Kun san wannan sauka, ko ba ku taɓa ganin ƙanƙara ba. Gona ta yi kyau, kowa ya tsinka a mako ɗaya, Kwanar Gafan ta cika maƙil, kwandon da ya ci taki da magani da kuɗin ƙwadago ya koma ana roƙon dillali ya ɗauka, sauran a yanka a shanya a ƙasa. Kun ga 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir har farashinsa ya gagari mutanen birni. Kun san jan-baki in ya sauko wa shinkafa. Duk wannan bai sa kun bar gona ba, shekara na zagayowa kuka sake zuba iri. Wanda ya iya wannan bai kamata a ji yana kiran kansa ɗan wahala ba.

Abin da jagororin Chamonix na ƙasar Faransa suka yi da tasu masifar shi ne abin dubawa. A 1820 wani baƙo, likita mai suna Hamel, ya matsa a ci gaba da hawan Mont Blanc bayan sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba. Ta ɓalle ta binne jagorori uku, sai a 1861 ƙanƙarar ta amayo ragowarsu a ƙasa. Shekara guda bayan hatsarin, a 1821, aka kafa ƙungiyar jagororin garin, wadda ke nan da ranta har yau. Suka tsara a riƙa raba baƙi bi da bi don kada mai baki ya kwashe aiki, suka kuma yi asusun taimakon wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya rasu. Daga nan baƙo ya daina juya su yadda ya ga dama.

Ku ma kuna da irin wannan a hannu. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke aiki da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ba na hukuma ba ne, naku ne, in kun riƙe su. Mai gona a bakin ƙofar ruwa da mai gona a wutsiyar kanal abu ɗaya ya ɗaure su. Na sama in ya sha ya wuce sa'arsa, ko ya fasa gaɓa da dare, na ƙasa ya bushe. Na ƙasa in ya yi fushi ya daina biyan kuɗin ruwa, kacala da laka su toshe kanal, ƙishin ya hauro har kan na saman. Manoma ashirin da suka haɗa kai suka rarraba lokacin dashe, suka sayi taki tare, suka yi magana da dillali da murya ɗaya, ba a taya musu kaya yadda ake taya wa mutum ɗaya da rana ta dake shi a bakin titi.

Ku kuma samari masu ɗaukar kwando a ka, kada wani ya raina muku mafari. Tenzing Norgay da dako ya fara a 1935, yana ɗaukar kayan Turawa a tsaunin Everest. Ya yi ta komawa yana koyo wurin na gaba da shi, har ranar 29 ga Mayu, 1953, shi da Edmund Hillary suka zama na farko da suka tsaya a wuri mafi tsayi a duniya. Ku matsa kusa da dattawan nan tun suna da ƙarfin zagaya gona. Ku tambayi Baba me ya gani a ganye da ya ce a dakata da ruwa, ku riƙe amsar, ku haɗa da abin da malamin gona ya zo da shi da farashin da kuke gani a waya.

In an sa ranar yasar kanal a sashenku bana, kada Alhaji ya turo yaro ya zauna a inuwa. Kowa ya fito da shebur da lauje, a fara daga wutsiya a hauro, kuma a rubuta sa'o'in ruwan kowa a takarda, a karanta ta gaban jama'a kafin a buɗe ƙofa.