Shunayya: Darajar Mai Rawani ko ta Marini?

Kalmar Ingilishi "purple" da ta Faransanci "pourpre" tushensu ɗaya ne: "porphyra", sunan da Girkawa suka ba wani dodon-koɗin teku. Mutanen Sur, a Labanan ta yau, sai sun tatsi dubbansa kafin su rina riga guda. Tsadar ta sa sarakunan Rum suka keɓe wa kansu launin, har sunan ƙwaron ya zama laƙabin sarauta.

Hausa ma daga shuni ta ciro "shunayya", shuni kuwa daga ganyen baba. A 1851 matafiyi Heinrich Barth ya tarar da marina a Tasawa, inda tufa ke kwanaki cikin rami. Rawanin da ke ƙyalli a fada, Tasawa ko Mayahi, daga irin wannan rami ya fito. Amma mai rawani maroƙi ke wasawa, ba marini mai baƙin hannu ba.

Da Jamus ta fara sayar da shunin masana'anta a 1897, launi ya yi arha, ramuka da dama suka bushe. Ashe tsadar launi gumin marini ce. Wanda ya gaida rawani ya manta da marini, bai cika gaisuwa ba.